Bazarar da Aka Ɓoye Abu a Rumbu

Bazarar bana ta zo da mugunta. Tun hantsi kwanon rufin ɗakina a unguwar Bukoki yake fara ƙas-ƙas, wuta ta ɗauke, fanka ta tsaya cak, ruwan randa kuwa sai dai a yi wanka da shi. Ina kwance a tabarma da jiƙaƙƙen zane a ka, jikata Rahila ta shigo goye da jaririnta, ta ce in raka ta Harobanda, hayin kogi, a yi masa allurar ƙyanda, don ƙawarta ce ke aiki a disfansen can. Na tambaye ta wane disfanse, don ƙananan gidajen likita sun yi yawa a can. Ta faɗi sunan da ke rubuce a ƙofarsa. Na tashi zaune na tofar da goron da ke bakina.

"Kaka, lafiya?"

"Lafiya lau. Ɗauko mini takalmina."

A cikin taksi, muna bisa gada, na leƙa ƙasa na ga kogi ya janye, yashi ya fito fari fat, sai wata bazara ta dawo mini, ta shekarun farko bayan mun karɓi mulkin kanmu. Lokacin babu gada. Yamai kanta ba ta wuce babban ƙauye mai tuta ba. Ni yarinya ce ɗanya daga Dogonduci, na gama koyon aikin jinya, an ba ni farar riga da hula, ina ji da kaina. Aka haɗa ni aiki da Lokotoro Isufu, ɗan Damagaram, wanda ya yi karatun likita a Dakar. Gajere ne, siriri, ga saurin fushi, ga tafiya kamar ana bin sa. A cikin likitocin babban gidan likita na lokacin, baƙar fata ba su cika hannu ɗaya ba, kuma shi kaɗai ne ya nace sai an riƙa haye kogi ana duba mutanen can.

Ran Talata muke hayewa. Da asuba zan hura gawayi in dafa allurai, in jera su a akwatin ƙarfe da man ido da ɗan abin da aka ba mu na maganin ƙirji, in ɗora a ka. Jirgin da ke ɗaukar motoci, bak, a bazara sai ya ga dama, don ruwa ya yi ƙasa, yakan kafe a yashi ya wuni. Sai mu shiga kwalekwale. In an sauke mu, ga yashi nan shimfiɗe, ka taka shi ya shiga takalmi ya dafa maka tafin ƙafa. Mu wuce Lamorde, mu isa wani ƙauye da ba zan faɗi sunansa ba, don jikokinsu suna nan da ransu kuma suna gaishe ni. A can akwai wani babban gawo, shi kaɗai ke da ganye a wannan lokaci, ƙarƙashinsa muke shimfiɗa tabarma.

Shekarar an yi ƙarancin hatsi. Rumbuna sun yi ƙasa tun kafin zafi ya kankama, shanu an kora su kudu neman ciyawa, nono ya yi wuyar gani. Mata suna dafa ganye su yi kopto, su barbaɗa ɗan gari a kai don yara su ɗauka abinci ne. A kan wannan yunwa ƙyanda ta sauka.

Su ba sa kiran sunanta. Baƙo suke cewa. In baƙo ya sauka a jikin yaro, sai a shigar da shi ɗaki, a rufe ƙofa da tabarma, ba wanka, ba iska, ba idon bare. Lokotoro namiji ne, ba ya wuce zaure. Ni ce mai shiga. In na ɗaga tabarmar nan, zafi da hayaƙi da warin jiki su buge ni a fuska, in tsuguna a duhu ina lalube har in taɓa yaro, jikinsa kamar tukunyar da aka sauke yanzu. Tari, leɓe a tsage, idanu a manne da kwantsa. In wanke idon da ruwan da na dafa, in sa man ido, in fito in gaya wa Lokotoro abin da na gani. Ido irin wannan kullum yake son wanki da magani. Mu kuwa sai wata Talatar.

A cikinsu akwai Abu, 'yar Hadiza. Hadiza 'yar Tawa ce, aure ya kawo ta hayin kogi, ita ce mai yi mini tafinta in Zabarmancina ya ƙare, har muka saba tana ce mini Yaya Saratu. Abu ba ta wuce shekara huɗu ba, mai manyan idanu, mai surutun tsiya. Ita ke fara hango mu daga kan tudu ta ruga tana ihu wai ga mai farar hula. Wata Talata ban ji ihunta ba, na san baƙo ya shiga gidan.

A daidai wannan lokaci majalisa tana kan dokar lafiya, ana so a gama kafin ruwa ya sauka depitoci, wato 'yan majalisar, su watse zuwa gonakinsu. Abu biyu ke ja-in-ja a cikinta. Na ɗaya, babban ma'aikaci ko depite in ya yi ciwo a ɗauke shi a jirgin sama zuwa Faransa. Na biyu, wanda Lokotoro Isufu ya yi ta naci har aka sa, duk garin da ruwa ya raba da gidan likita a ba shi disfanse da ma'aikacin jinya mai kwana a can. Aka ce ƙasa jaririya ce, ba za ta ɗauki duka biyun ba. An kuma yi masa alkawari a ofishin ministir cewa in kwamitin lafiya na majalisa ya amince, tun kafin a aza tubali za a bar ni in tare a ƙauyen da akwatina. Ni na yarda, har na fara ɗaure kayana. Idon Abu da na sauran yaran a hannun kwamitin nan yake.

Haka Lokotoro ya koma maroƙi. In ya tashi aiki da la'asar, sai ya hau kekensa ya bi gidajen depitoci ɗaya bayan ɗaya, ya zauna a benci tare da masu neman aikin gadi da masu kawo gaisuwa. Mutumin da ya iya buɗe cikin ɗan Adam ya ɗinke! Wani ya ce yana barci, wani ya ce a dawo gobe, wani ya fito ya miƙa masa hannu ya ce ya duba masa wani ƙurji a hammata tunda ya zo.

Rana ɗaya ya tafi da ni gidan shugaban kwamitin, Depite Sanda, don ni ce na ga cikin ɗakunan da idona. Depite Sanda a da katako yake sayarwa a kasuwar Katako, siyasa ta ɗauko shi ta ɗora a kujera. Mun same shi a baranda, ƙafafunsa cikin daro na ruwan sanyi, yana shan mangwaro, ruwan yana gangara masa har gwiwar hannu. Bai ce mu zauna ba. Lokotoro ya yi bayani, ni ma na faɗi nawa.

Ya tsotse ƙwallon tas, ya jefar, sannan ya ce, "Lokotoro, ƙyanda ai tun kakanninmu ake yin ta. Ni ma na yi, ga ni nan."

"Ranka ya daɗe, waɗanda ba su tashi ba ai ba za su zo su gaya maka ba."

"Ku 'yan Dakar akwai baki. To mu da muke ɗauke da ƙasar nan a ka, in muka faɗi, wa zai riƙe ta? Yaran ƙauye?"

Na ga jijiyar wuyan Lokotoro ta tashi, amma ya haɗiye. Ya ce shi abu ɗaya yake roƙo, kwamitin ya haye kogi ya gani da idonsa, wuni ɗaya kawai. Depite Sanda ya dubi ƙafafunsa a cikin daro, ya ce to, ai fita shan iska ba laifi ba ne, a sa rana.

Mun fito Lokotoro yana tura kekensa yana dariya kamar yaro. Ya ce, "Saratu, an gama. Duk taurin zuciyar mutum, in ya ga idon Abu sai ya sa hannu."

Talatar da ta biyo ya sami maigari a ƙarƙashin gawo, ya ce masa manya za su zo daga majalisa, su ga halin da ake ciki, a nuna musu komai. Maigari dattijo ne mai mutunci, ya dafa ƙirji ya ce in Allah ya yarda ba za a ji kunya ba. Muka ce madalla, muka koma gida da murnarmu. Ni da Lokotoro duk 'yan ƙasar nan ne, a cikin wannan al'ada aka haife mu, amma ko a ranmu ba mu kawo abin da dattijon yake nufi da kunya ba.

Ranar ta zo da wani irin zafi mai nauyi, sama ta yi fari, ko ganye ba ya motsi. Depitoci suka iso bakin kogi cikin manyan riguna masu sitaci, aka shimfiɗa musu darduma a kwalekwale, aka riƙe musu laima. Ɗaya ya rufe ido tun daga wannan gaɓa har waccan yana salati, shi da za a ɗauka a jirgin sama. Tun muna kan yashi na fara jin ganga. Na ƙara sauri.

Ƙauyen da na sani ban gane shi ba. An share ko'ina, an yayyafa ruwa, an kafa rumfa da sababbin zana. Ga yara a jere, an wanke su an shafe su da mai suna ƙyalli, an sa musu kwalli. Na dube su ɗaya bayan ɗaya, rabinsu ban taɓa ganin su ba, ashe daga ƙauyukan maƙwabta aka aro su don a cika layi. Ga ƙwaryar nono jere, nonon da uwa mai shayarwa ba ta gani ba tun sanyi, an bi rugage an tattaro. Ga raguna a kan wuta. Mutanen da ke cin ganye suka yanka abin da suka ajiye don baƙin ciki ko farin ciki, suka kwashe ɗan geron da ya rage a gindin rumbu suka yi fura. Mata suna guɗa, makaɗa suna ta duka ba hutawa, don kada a ji tari daga cikin gidaje.

Depite Sanda ya zauna, ya naɗe hannun riga. Kai, na ga ci a rayuwata, amma na ranar nan daban ne. Ya ci haƙarƙari, ya ci hanta, ya sha fura har ta taɓa masa gashin baki, ya miƙa ƙwarya aka ƙara. Ya jawo wani yaron aro mai kumatu ya ɗora a cinya, ya dubi Lokotoro ya ce, "Su ne majinyatan naka?" Sauran suka kwashe da dariya.

Lokotoro ya je gun maigari, murya ƙasa-ƙasa, ya ce ina yaran. Maigari ya nuna layi ya ce ga su. Ya ce ba waɗannan ba, masu ciwon. Dattijon ya dube shi kamar ya zage shi, ya ce, "Lokotoro, baƙo yana cin abinci a gidana."

Lokotoro ya juyo gare ni. "Saratu, je ki ɗauko Abu."

Na ruga gidan Hadiza, na ɗaga tabarmar ƙofa, ɗaki wayam, an share har da turare. Na bi gida biyu, uku, duk haka. Na dawo na sami Hadiza a bakin rumfa tana zuba wa baƙi ruwan wanke hannu, ta ci ado da zanen aurenta. Lokotoro bai jira ni ba, ya tare ta a gaban kowa.

"Hadiza, ina 'yarki? Faɗa wa manya abin da ke damun ta."

Makaɗa ma suka sassauta. Ga maigari, ga mijinta, ga surukarta, ga baƙi da maiƙo a hannu, duk suna kallon ta. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Lafiyarta lau. Ta tafi wasa."

Lokotoro ya ce to a tashi a zaga cikin gidaje. Depite Sanda ya ɗaga hannu ya ce, "Haba Lokotoro. Mutum ya karrama mu haka, mu shiga mu leƙa masa ɗakin mata? A Dakar haka ake yi?" Ya yi gyatsa, ya yi hamdala, aka kawo goro. Da rana ta karkata suka tashi, aka bi su da sauran naman a ƙunshe har bakin ruwa.

Mu muka tsaya. Ƙurar rakiya ba ta kwanta ba na ga Hadiza ta yar da buta ta zura gidanta da gudu. Na bi ta. Ta hau kan dutsen rumbu, ta ture murfin, ta zura rabin jikinta ciki, ta jawo Abu. A cikin rumbu, jama'a, a wannan rana! Tun safe yarinyar take ciki, a kan ƙaiƙayi, inda babu hatsin da zai hana ta wuri. Jikinta ya saki, ƙaiƙayi ya manne a kwantsar idonta, ko kuka ba ta iya yi. Daga sauran gidaje ma aka fara fito da su, wani daga rumbu, wani daga bukkar awaki.

Lokotoro ya tsuguna yana ɗiga mata ruwa a baki da cokali. Bai ɗaga kai ba ya ce, "Don me, Hadiza? Don me?"

Tana kuka ta ce, "Lokotoro, a ce a gidanmu aka fito wa baƙi da ciwo suna cin abinci? Da wane ido zan dubi mutane?"

Ya ce a ba shi yarinyar ya haye da ita. Surukar Hadiza ta tsaya a ƙofa ta ce mai baƙo a jiki ba ya haye ruwa, sai dai bayan ranta. Muka wanke idon, muka bar man ido, na nuna wa Hadiza yadda za ta yi, na san kuma da mun ba da baya tsohuwar za ta ɗiga nata haɗin.

Ranar da aka kawo dokar gaban majalisa ban je ba, ina aiki, Lokotoro ne ya je ya zauna a wurin 'yan kallo. Waɗanda suka gani sun ce Depite Sanda ya miƙe ya gyara riga ya ce shi ba ji ya yi ba, da ƙafarsa ya je. Yara ɓul-ɓul, nono har ana zubarwa, iskar can ma ta fi ta birni, mutanen hayin kogi ba abin da suke nema sai addu'a. Aka soke batun disfanse, aka amince da na Faransa, aka tafa. Lokotoro ya miƙe daga cikin 'yan kallo ya ɗaga murya ya ce musu abin da ya ce, har da batun rago. 'Yan sanda suka fitar da shi riƙe da hannu. Kafin sabon wata an tura shi can gabas, bakin tafkin Cadi, inda mota ke zuwa in ta ga dama. Hayewar Talata kuma aka ce ɓata lokaci ce, tunda kwamiti ya tabbatar kowa lafiya.

Na raka shi tasha. Yana zaune a kan akwatinsa a bayan babbar mota, ya rame, ya ce, "Saratu, in kin sami hali ki leƙa Abu." Ban sake ganin sa ba. A can ya yi aikinsa har ya tsufa, a can aka binne shi.

An mai da ni ɗakin haihuwa, ba hutu, sai da ruwan farko ya sauka na sami wata Lahadi. Na fito daga coci ban ko koma gida ba na nufi kogi. Ƙasa tana ƙamshi, yashi ya yi sanyi, maza sun fita shuka da irin da suka aro, don nasu ya tafi a furar depitoci. A bayan gari na ga sababbin ƙananan kaburbura, ban tsaya ƙirgawa ba. Abu tana zaune a ƙofar ɗaki, ƙurajen sun bushe, ta tashi. Na kira sunanta, ta juyo da fuskarta wajen muryata, ta ce, "Mai farar hula ce?" Idanun nan manya sun koma fari kamar an ɗiga nono a ciki. Na zauna a ƙasa da rigar cocina na yi kuka har Hadiza ta koma ba ni haƙuri.

Depite Sanda kuwa ya ci moriyar dokarsa. Ya je Faransa an duba masa ciwon sukari, ya je an cire masa haƙori, ya dawo da agogo. Da aka yi gada, gari ya haye kogi ya haɗiye ƙauyen, shekaru da yawa bayan haka aka gina disfansen. Lokacin ya mutu, 'ya'yansa sun zama manya, sai aka ce a sa wa wurin sunansa, wai shi ne ɗan majalisar farko da ya taka ƙafa ya duba lafiyar mutanen wurin. Tir.

Nan taksi ya sauke mu ni da Rahila. Gawon yana nan, an zagaye shi da siminti. Rahila ta shiga layi, ni na nufi inuwa, don na san wadda zan tarar. Abu tana zaune a kan tabarma da farantin gyaɗa a gabanta, ta yi furfura, jikarta na karɓar ciniki. Na yi sallama, ta gane muryata nan take, muka gaisa, ta tambayi ƙafata, na tambayi zafi. Wata mata baƙuwa da ke jiran layi ta ɗaga kai ta karanta sunan da ke bisa ƙofa, ta ce ko wane ne wannan bawan Allah.

Abu ta gyara zama, fuskarta ta washe. "Babban mutum ne. A garinmu ya ci abinci, innata ce ta zuba masa ruwan wanke hannu. Ta ce har ƙari ya nema. Yaya Saratu, ai kina wurin, ko?"

Na ce, "Ina wurin, Abu. Ya ci ƙwarai."

Daga ciki na ji ɗan Rahila ya tsala kuka, allura ta shiga. Abu ta juya kunnenta wajen, ta yi dariya ta ce wannan akwai murya, ta laluba faranti ta damƙo gyaɗa ta ce in kai wa uwarsa.